Sara da Sarewa: Bayani a kan Ragowar Itace da Makamashin Mutanen Tarauni

1. GABATARWA

Manufar wannan takarda ita ce a yi bayani a kan wani sashe na makamashin da mutanen Kano ke girki da shi, watau abin da itace ya zubar da kansa, ko aka rage masa, ko ya saura bayan an yi wani aiki da shi. Masana aikin daji na ƙasashen Turai sun tara waɗannan abubuwa duka ƙarƙashin suna guda, wanda in an juya shi da Hausa sai a ce "ragowar daji". Mu kuwa ba mu da suna guda da ya game su, amma kowannensu yana da nasa sunan. Abin da za mu nuna shi ne, wannan ragowa tana da masu ita, tana da aikin da ta ke yi, kuma ɗibarta tana da iyaka, har ma harshen Hausa ya riga ya shata iyakar tun kafin a rubuta dokar daji.

Mun zaɓi Tarauni ta zama wurin misali domin dalili biyu. Na farko, unguwanninta, irin su Gyaɗi-Gyaɗi da Darmanawa da Hotoro da Tarauni kanta, ƙauyuka ne da gonaki na bayan ganuwa waɗanda birni ya haɗiye, har yanzu kuwa sunan Ƙauyen Alu yana tuna mana da haka. Ƙidayar 2006 ta sami mutum fiye da 220,000 a wannan ƙaramar hukuma, wadda hedkwatarta ke Unguwa Uku. Watau wurin da a dā ke sayar wa birni itace, shi ne yau ya koma saye. Na biyu, hanyar Zariya, wadda motocin itace da gawayi ke bi su shigo Kano daga kudu, a nan ta ke ratsawa.

2. SUNAYEN MAKAMASHI

Kalmar makamashi daga aikatau kama ta fito, domin shi ne abin da wuta ke kamawa. A zamanin nan an faɗaɗa ma'anarta har ta haɗa da fetur da gas da lantarki, amma asalinta na bakin murhu ne. Kalmar itace kuwa, wadda mutanen Sakkwato da Katsina ke cewa icce, tana ɗauke da ma'ana biyu: rayayyen da ke tsaye a gona, da busasshen da ke jibge a bakin hanya. Saboda haka in aka ce "an hana saran itace", sai mai ji ya rasa wanne a ke nufi.

In an sauko kan ɓangarori, harshen ya rarrabe su filla-filla. Ana iya kasa su kashi uku bisa ga inda suka fito.

(a) Abin da itace ya zubar ko aka rage masa: ƙirare, watau ƙananan busassun rassa, reshe, ɓawo, da abin da aka tara wajen sassabe, kamar sabara da kalgo da geza.

(b) Abin da ya saura bayan an kā da itace ko an yi aiki da shi: kututture, wanda ya rage a ƙasa, sassaƙe, wanda gizagon masassaƙi ya zubar sa'ad da ya ke fafe turmi ko akushi, guntayen katako, da dusar katako, wadda zarto ke zubarwa.

(c) Abin da gona da dabba suka bari: kara, da tushiya, da totuwar masara, da ƙaiƙayi, da ɓuntun shinkafa, da kandilo, watau busasshen kashin shanu.

Gungume da faskare ba su cikin wannan lissafi, gama su jikin itacen ne kansa. Ga mai son bin sunayen itatuwan, J. M. Dalziel ya tattara su tun 1916, ƙamus ɗin G. P. Bargery na 1934 kuma cike ya ke da irin waɗannan kalmomi.

Mai girki ta san halin kowanne. Kara yana kamawa nan da nan ya mutu nan da nan, bai barin garwashi. Ƙaiƙayi da ɓuntu ci su ke yi a hankali ta ƙarƙashi. Marke yana ci da ƙarfi, ya bar garwashi mai daɗewa, shi ya sa ya ke da tsada. Ƙirya ita ce gawayin maƙera. Kuka kuwa, duk girmanta, jikinta fanko ne mai ruwa, ba ta da daɗin wuta, wannan ma yana cikin abin da ya tsare ta daga gatari.

3. SARA DA SAREWA

A 1960 F. W. Parsons ya tsara aikatau na Hausa cikin giredi bakwai. Biyu daga cikinsu sun shafi maganarmu. A duba waɗannan jimloli:

(1) Ya sari itacen.
(2) Ya sare itacen.
(3) Ta ɗebi ƙirare.
(4) Ta kwashe ƙirare.

Aikatau na (1) da (3) na giredi na biyu ne, wanda sau da yawa ya kan nuna an taɓa sashen abu ne kawai. Wanda ya sari itace ya kai masa gatari, watakila ya rage masa reshe, amma itacen yana nan tsaye. Aikatau na (2) da (4) na giredi na huɗu ne, mai nuna aiki ya game abin duka. Wanda ya sare itace ya kā da shi, wadda ta kwashe ƙirare ba ta bar ko tsinke ba.

Akwai wani abin lura a nan. In aka sa wakilin suna a gurbin itacen, jimla (1) ta kan koma "ya sare shi", jimla (2) ita ma ta koma "ya sare shi". A baki ba su rikicewa, domin karin sautinsu dabam ne: a ta farko gaɓar sa tana ƙasa, re tana sama, a ta biyu sa tana sama, re tana ƙasa. Amma rubutunmu na yau da kullum bai nuna karin sauti, sai su zama iri ɗaya a takarda. To, ashe malamin da ya rubuta "Kada ku sare shi" a allo bai faɗi ko rage reshe ya ke hanawa ko kā da itace ba, sai ya karanta da bakinsa.

Wannan ba wasan nahawu ba ne kawai. Tsakanin sara da sarewa, da tsakanin ɗiba da kwashewa, nan ne dukan maganar makamashin Kano ta ke.

4. YADDA KANO TA DAƊE TANA SAMUN ITACE

Tsoron ƙarewar itace a ƙasar Hausa tsoho ne. A 1935 wani masanin daji Baturen Ingila, E. P. Stebbing, ya rubuta cewa hamada tana gangarowa kudu tana cin ƙasa. Maganarsa ta sa Ingila da Faransa suka naɗa hukumar haɗin gwiwa wadda ta zaga kan iyakar Nijeriya da Nijar a 1936 da 1937. Hukumar ba ta ga alamar hamada na tahowa kamar yadda ya faɗa ba, ko da ya ke ta ga ɓarna a wurare dabam-dabam ta hannun mutane. A ƙarƙashin dokokin daji na 1916 da 1937 aka keɓe gandayen daji, aka sa malaman daji tsaronsu, aka kuma hana kā da waɗansu itatuwa sai da izini. Amma galibi an bar wa mutanen kewaye ikon tsintar busasshen itace domin girkin gida, watau ita ma dokar ta yarda da bambancin da muka nuna a sama.

A 1965 M. J. Mortimore da J. Wilson suka buga bincikensu a kan karkarar da ta kewaye Kano, inda mutane ke da yawa ƙwarai, kuma kusan kowane taku na ƙasa gona ne. Abin da a ke gani a wancan zamani shi ne jakuna suna shigowa birni da itace da kara, su koma da mangalar taki. Itacen kuwa daga gonaki ya ke fitowa, inda manomi ya bar gawo da ɗorawa da tsamiya da kanya da kaɗanya tsaye cikin dawa da gero. Kowane itace da mai shi. Ana gadonsa, ana sayar da shi, ana jinginar da shi, wani lokaci ma dabam da gonar da ya ke ciki. In rani ya yi, mai shi ya hau ya rage masa rassa, dabbobi su ci ganyen, iccen ya bushe, a ɗaure dami a kai kasuwa. Bayan 'yan shekaru itacen ya sake cika, a sake hawa.

Daga baya waɗansu malaman Jami'ar Bayero, su R. Cline-Cole da J. A. Falola da Mortimore da abokan aikinsu, suka bi diddigin cinikin itacen wuta na Kano, aka buga sakamakon a 1990 da sunan Wood Fuel in Kano. Sun tarar da abin da ya saɓa wa zaton mutane da yawa. Itatuwan gonakin da ke kusa da birni ba su ragu ba, duk da yawan jama'a, domin masu su suna tattalinsu suna kuma renon ƙanana. Wurin da ɓarna ta fi yawa shi ne dazuzzukan nesa, inda manyan motoci suka koma ɗauko itace, inda kuma babu wani mutum guda da zai ce wannan nawa ne. A gona ana sara, a daji ana sarewa.

5. ABIN DA KE SHIGA MURHUN TARAUNI

Yau gonakin Tarauni sun zama gidaje, amma bukatar wuta sai ƙaruwa ta yi. Ban da girkin gida, akwai gidajen burodi, da masu tsire da balangu, da mata masu toya ƙosai da waina, da masu gurasa, da masu shayi. Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin sufuri ya hau, gidaje da yawa da suka saba da gas ko kananzir sun koma kan gawayi da itace. Ragowar da ke taimaka musu ta hanya huɗu ta ke zuwa.

Ta farko, rassan itatuwan cikin gari, musamman dogon yaro, wanda waɗansu ke kira darbejiya ko maina. Baƙo ne daga ƙasar Indiya, an fara dasa shi a Barno a 1928, ya bazu ko'ina a Arewa. Yana jure sara ƙwarai, in an rage shi sai ya yi toho. Ana samun rassansa sa'ad da a ke share hanyar wayar lantarki, da kuma bayan iskar farkon damina.

Ta biyu, guntaye da dusar katako daga kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa, wadda ke maƙwabtaka da Tarauni a kan hanyar Zariya, da kuma rumfunan kafintoci. Tun da ya ke yawancin katakon daga kurmin Kudu a ke kawo shi, wannan dusa ragowar dajin Kudu ce da ta ƙare a murhun Arewa. Ana danƙara ta cikin murhun gwangwani, a bar rami a tsakiya domin iska, ta yi ta ci a hankali. Masu kiwon kaji su ma suna sayenta su shimfiɗa a ɗakin kaji, saboda haka tana da masu nema biyu.

Ta uku, kara da totuwa daga ƙauyukan Kumbotso da Dawakin Kudu da Warawa, bayan kaka. Ta huɗu, ɓuntun shinkafa daga injunan casa, irin na Kura.

Duk da haka faskare da gawayi su ne suka fi yawa a kasuwa, kuma dalilin a fili ya ke. Ragowa tana da cika ido, ba ta da nauyi. Motar da aka cika da ƙirare rabinta iska ta ɗauko, alhali kuwa kuɗin mai ɗaya ne da na motar da ta ɗauko gungume. Ɗanyen itace kuma kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Don haka mai cinikin nesa ya kan zaɓi jikin itacen, ya bar rassa a daji. Mai gawayi shi ma kauri ya ke nema, a ramin gargajiya kuwa sai an ƙona kilo 5 zuwa 10 na itace kafin a sami kilo 1 na gawayi. Watau buhu mai kilo 30 ya ci tsakanin kilo 150 da 300 na itace tun bai bar daji ba. Sa'an nan murhun duwatsu uku bai kai wa tukunya fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na zafin da ya ke fitarwa, saura iska ke kwashewa.

Dabarar curarren gawayi wannan matsala ta cika ido ta ke nema ta warware. Ana babbaka dusar katako ko ɓuntu ko kara cikin ganga mai ƙarancin iska, a niƙe, a kwaɓa da kokon rogo, a matse a inji, a shanya. Abin da a dā ba ya ɗaukuwa sai ya zama ƙulli mai nauyi da a ke iya zubawa a buhu. Dabara ce mai kyau, amma tana ta da tambayar da ba a cika yi ba: nawa ne za a ɗiba, kuma daga hannun wa?

6. IYAKAR ƊIBA

Abincin da itace ya tsotsa daga ƙasa ba a jikin gungume ya fi taruwa ba, a ganye ne da ƙananan rassa da ɓawo. In an bar su suka ruɓe, ko gara ta ja su cikin ƙasa, abincin ya koma inda ya fito, ramukan gara kuma su buɗe wa ruwa hanya. Rassan da aka baje a kan faƙo su kan tare yashi da irin ciyawa da iska ke ɗaukowa, har wurin ya farfaɗo. Gawo kuwa da damina ya ke zubar da ganyensa, daidai lokacin da shuka ke bukata, shi ya sa hatsin gindinsa ya fi na gefe kyau. Kara shi ma yana da masu jiransa: dabbobi, da mai yin darni, da ƙasar gonar kanta. Haka kuma ƙirare su ne rabon wanda ba shi da kuɗin faskare, kamar yadda kala ta ke rabon wanda ba shi da gona. Tsofaffin mata da yara ke tsintarsu, da su kuma almajirai suka daɗe suna hura wutar karatun dare. Ran da ragowa ta yi kuɗi, waɗannan ne za su fara rasa ta.

Ƙasashen da suka fi kowa ɗibar ragowar daji sun gane wannan. A Suwidin da Finlan, bayan an kā da itatuwan katako, ana tara rassa da kawunansu a markaɗa, a kai tashoshin da ke ɗumama gidaje da ba da lantarki. Amma a kan bar tarin ya bushe tukuna domin ganyen ya kakkaɓe a dajin. Hukumar daji ta Suwidin tana ba da shawarar a bar aƙalla kashi ɗaya cikin biyar a ƙasa, a kuma mayar da tokar tasha cikin daji. Wannan shi ne mangalar takin jakin Kano a wata kama. Inda aka yi sakaci kuwa, sunan ragowa ya kan zama mayafi. Tashar lantarki ta Drax a Ingila tana ƙona curarren garin itace da a ke kawowa daga Amurka da Kanada, a 2022 kuma aka yi babbar gardama bayan gidan talabijin na BBC ya nuna ana kai gungume sukutum masana'antar da ke cura shi. Kasuwa in ta yi girma, sara ya kan zarce ya zama sarewa.

Misalin da ya fi kusa da mu na Maraɗi ne. A can manoma sun saba share gona ƙaf a lokacin sassabe, musamman da ya ke doka ta ɗauki itatuwa mallakar hukuma ce. Daga 1983 wani ma'aikacin gona mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya shiga jawo hankalinsu ga kututturan da ke raye ƙarƙashin ƙasa, masu yin toho kowace shekara. Maimakon a sare tohon duka, sai a zaɓi 'yan ƙwarara a bari, a rage saura. Abin da aka rage shi ne itacen girkin wannan shekara, abin da aka bari shi ne na baɗi. Mutanen wurin suna kiran wannan sassaben zamani. Da hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata itacen nasa ne, sai abin ya bazu. Wani bincike na 2009 ya kimanta cewa an farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram, da itatuwa kamar miliyan 200, ba tare da an dasa su ba.

7. ABIN DA YA KAMATA MALAMI YA KOYAR

Littattafanmu na makaranta sun saba faɗin cewa saran itace ke kawo hamada, su tsaya nan. Yaron da ya ji haka, ya koma gida ya ga mahaifinsa bisa gawo da gatari, ɗaya daga biyu zai yi: ko ya ɗauki mahaifinsa mai ɓarna ne, ko ya ɗauki maganar makaranta ba ta da kan gado. Duka biyun hasara ce. Ya kamata malaman kwalejojin horon malamai su gyara darasin ta hanya uku.

Na ɗaya, a koyar da sari da sare, da ɗebi da kwashe, a darasin nahawu tare da karin sautinsu, a kuma kawo su cikin darasin aikin gona, domin ɗalibi ya ga harshensa ya riga ya san abin da a ke koya masa. Duk mai rubuta gargaɗi kuma ya ce "kada a kā da itace" in haka ya ke nufi, ya guji kalmar da za ta karantu iri biyu.

Na biyu, kafin a kira wani abu shara a yi masa tambaya uku: wa ke da shi, wa ke amfani da shi yanzu, me kuma zai koma ƙasa a madadinsa. Dusar katakon Na'ibawa da ɓuntun Kura an riga an raba su da ƙasar da ta haife su, sun taru wuri guda, su suka fi dacewa da injin cura gawayi. Ganye da ƙirare da tushiyar gona kuwa sai a ɗiba da awo.

Na uku, a tura ɗalibai wajen masu itace na Gyaɗi-Gyaɗi da kasuwar Tarauni da Unguwa Uku, su rubuto sunan kowane irin makamashi, da itacen da ya fito jikinsa, da garin da aka ɗauko shi, da ma'aunin da a ke sayar da shi, ko dami ne ko kashi ko buhu. In kowace kwaleji ta yi haka a garinta, za a sami jerin kalmomin da za a gwada da na Dalziel da Bargery, a ga waɗanda suka ɓace da waɗanda suka shigo. Daga sunayen garuruwan kuma za a ga nisan da gatarin Kano ya kai a wannan shekara, a ajiye domin a gwada da na shekara goma masu zuwa.